Bai Yi Dariya Ba, Kawu

Sana'ata turin fim ce. Ina da ɗan kes na katako a Tina Junction da tsohuwar kwamfuta, mutum ya miƙo wayarsa in zuba masa fina-finan fassara ya tafi. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar na ga ƙarshenta. Na faɗi haka ne don kada a ɗauka wani shu'umi ne yake magana. Ban taɓa zuwa wurin boka don kowa ba, ban binne laya a ƙofar gidan kowa ba. Abin da na yi wa kawuna da baki na yi shi, ina zaune a gefensa da rana tsaka, masu wucewa suna sa mini albarka.

Kawu wan mahaifiyata ne. Shi ne ciyaman na masu manyan motocin da ke kwasar dankali da kabeji da tumatir daga Filato zuwa kudu. In direbobi suka yi rikici a kan layin lodi, ko wani ya kifar da kayan mutane a hanya, gidansa na Dutse Uku ake zuwa, abin da ya yanke kuma ya zauna. Asalinmu Gobirawa ne. Kakanmu haƙar kuza ta kawo shi Jos ya zauna, mu duk nan aka haife mu, amma Kawu yana ɗauke da tsagen Gobir a kumatunsa, kuma yana ji da shi.

Ciwon idon Kawu ya fara ne da faɗa a cikin gida. Kullum sai ya ce an sayo ƙwan fitila marar haske. Daga baya ya fara miƙa hannu gefen da mutum ba ya tsaye. Har ta kai yana ganin mutum kamar inuwa a bayan labule, ya san akwai wani a gabansa, amma fuska ta ɓace masa. 'Ya'yansa maza suna kan hanya da motoci, babbar 'yarsa tana aure a Kaduna. Mahaifiyata ce ta ce mini, “Kai da aikinka na zama ne, ka riƙa leƙa kawunka da safe.” Na fara da leƙawa. Ban ankara ba na zama ni ke karanta masa saƙon waya, ni ke faɗa masa wanda ya yi sallama, ni ke riƙe hannunsa zuwa masallaci. Kes ɗina na bar wa maƙwabcina yana duba mini.

Da hantsi yakan sa a fitar masa da kujera bakin dutsen da ke jikin katangarsa, saboda sanyin garin nan yana shiga masa ƙashi. A nan ne, in babu baƙi, na fara kunna masa wani dogon fim na ƙasar waje mai kashi-kashi, don ya rage zaman shiru. Labarin wani sarki ne na zamanin da ba a taɓa yi ba, mai ƙarfin da in ya doki ƙasa da mashi kogi yakan canza hanya. Ya kashe wani dodo da ya addabi ƙasarsa, ya sa maƙera suka yi masa kwalkwali da ƙoƙon kan dodon. Ashe ruhin dodon bai fita ba. In sarki ya sa kwalkwalin, sai wata murya ta riƙa gaya masa abin da ke zuciyar wanda ke tsaye a gabansa. Da farko gaskiya take faɗa, har ta tona masa asirin wani maci amana na gaske. Sai da ya saba da ita, ya daina yarda da idonsa, sannan ta fara aikinta.

Wanda ya san fim ɗin fassara ya san mutum ɗaya ne yake yin muryar kowa: shi ne sarki, shi ne mayya, shi ne mai gadin ƙofa. Mai ido bai damu ba, yana kallon fuska. Kawu kuwa duk murya ɗaya yake ji, don haka sai ya riƙa dafa gwiwata yana cewa, “Tsayar. Wannan da ya ce ya yi mubaya'a, yaya fuskarsa?” Ni kuma in ce ya sunkuyar da kai amma yana satar kallon takobi, ko in ce idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ce, “Yawwa, ci gaba.” Yana jin daɗin abin ƙwarai. Ya raina sarkin nan matuƙa. “Ƙarfi kamar tirela, amma ba birki,” in ji shi. Ranar da muryar ta sa sarki ya fara zargin sarkin yaƙinsa, wanda nono ɗaya suka sha, Kawu har tsaki ya yi. “Ya cire kwalkwalin mana! Da shi aka haife shi?”

Ni na yi masa bayanin yadda dodon yake aiki, da bakina. Ba ya cewa sarki ya kashe wane. Cewa yake, ka lura yau bai durƙusa sosai ba? Sai ya yi shiru ya bar sarki ya ƙarasa da kansa. Ba na ɗora wa fim laifi. Mutane da yawa na tura wa shi, babu wanda ya je ya cuci kawunsa.

Akwai mutum ɗaya da ba ya sallama irin ta mutane in ya zo gidan. Tun daga bakin titi za ka ji shi: “Ina bawana? Ina Bagobirin nan da na saya da araha?” Wani dattijon Bayarabe ne mai sayar da kayan gyaran manyan motoci a Nasarawa Gwom, kowa Baba yake ce masa. Kirista ne. Sun san juna da Kawu tun Kawu yana yaron mota. A shekarun da gari ya rikice Baba ya kwashe iyalinsa ya koma wani gefen gari, amma bai bar shagonsa ba, bai kuma bar zuwa Dutse Uku ba. Tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa, kowa ya ce ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. Su biyun nan sun mai da shi abincinsu.

“Alaji, kana nan kana shanya kanka kamar barkono?”

“Wa ya bar ƙofa a buɗe? Ku ɓoye manja, Bayarabe ya shigo.”

“Dubi fuska. Kaza ta yi tono a nan, ta gaji, ta tafi.”

“Kai naka tsagen ai da cokali mai yatsu aka yi shi.”

Baba yana da wata irin dariya marar sauti. Bakinsa zai buɗe, idonsa ya rufe, kafaɗunsa su yi ta rawa, amma ko tari ba za ka ji ba. Duk zagin da zai yi, da wannan dariyar yake rufe shi. Shekara da shekaru Kawu yana ganinta. Yanzu ya daina gani.

Kawu yana tsoron asibiti kamar yaro. 'Ya'yansa sun yi magana sun gaji. Baba ne kaɗai ya iya shigar da shi mota, da zagi, ya kai shi wurin surukin shi Baban, mijin 'yarsa, wanda likitan ido ne. Ina cikin ɗakin lokacin da likitan ya yi bayani. Ya ce yanar da ta rufe idon ba ita ce abin tsoro ba, ana iya cire ta ko yaushe. Abin tsoro hawan jinin ido ne da ke bayanta, yana cin jijiyar gani a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama akwai saura, in aka riƙe maganin ɗigawa aka kuma yi aiki kafin damina ta fita, Kawu zai ga fuskar jikokinsa. In aka yi sakaci, shi ke nan. Na ji wannan da kunnena. Ba zan iya cewa ban sani ba.

To amma a lokacin na riga na ɗanɗani wani abu. Direbobin da dā suke miƙo mini waya ta tagar mota ba tare da sun kalle ni ba, yanzu da hannu biyu suke gaishe ni. Suna ce mini ƙaramin ciyaman. Mai son ganin Kawu ni yake fara kira ya tambaya ko yau ransa a sake yake. Gaban mota nake zama. Matata ta dawo daga wani biki tana ba ni labarin yadda aka tashi wata aka ba ta kujera. Ni da na kai shekarun da na kai ba wanda ya taɓa tambayata ra'ayina a kan komai, sai ga manyan mutane suna jiran in gama magana.

Wata rana a gaban direbobi Baba ya nuna ni da leɓe ya ce, “Kai, rimot, ka shirya komawa kes naka. Idan ido ta buɗe, talabijin zai tashi ya canza tasha da kansa.” Aka kwashe da dariya. Ni ma Bagobiri ne, haƙƙinsa ne ya tsokane ni, haƙƙina ne in rama. Da na ce masa wani abu a kan barkono da an wuce wurin. Ban rama ba. Na yi yaƙe na haɗiye, na tafi da maganar gida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaskiya ya faɗa.

Ba a daɗe ba ya zo yi wa Kawu tunin ranar aiki. Kawu ya fara kame-kame, wai a bari a gama kwasar dankali. Baba ya ce, “Makaho bawa ba shi da amfani. In ka ƙi, zan ɗaura maka igiya a wuya kamar akuya, in ja ka har Tina Junction, kowa ya ga ciyaman.” Yana faɗa kafaɗunsa suna rawa, har yana share ido da hularsa. Kawu ya rama da abin da ya samu, amma na ga kalmar makaho ta taɓa shi, don ba wanda ya taɓa furta ta a gabansa.

Baba ya tafi. Can sai Kawu ya dafa gwiwata, daidai yadda yake yi in muna kallo.

“Ɗan nan, da ya ce makaho, yaya fuskarsa?”

Wannan ne karo na farko da ya yi mini wannan tambaya a kan mutum mai rai. Ina iya tuna wata akuya tana tsaye a kan dutsen tana kallonmu. Ban shirya komai ba, ban kwana da niyya ba. Na buɗe baki kawai na ce, “Bai yi dariya ba, Kawu.”

Ya ce, “Uhm.” Ya ɗauke hannunsa.

Da a nan na tsaya, da wataƙila abin ya wuce. Amma ya ci gaba da tambaya, ni kuma na ci gaba da amsawa. Ban taɓa ce masa Baba maƙiyinsa ne ba. Cewa nake, yau da ya shigo sai da ya tsaya yana kallon motocin da ke waje. Ko in ce, da kuna magana ya kalli mataimakinka sun haɗa ido. Wasu abubuwan ma sun faru, kowa yana kallon mota, kowa yana haɗa ido da wani. Ni dai nakan zaɓi wanda zan faɗa, in bar dariyar a waje. Sauran aikin Kawu ne ya yi shi da kansa, kuma mutum ne mai kaifin tunani, wanda ya yi shekaru yana gano ƙaryar direbobi. Duk wannan kaifin ya juya shi kan abokinsa. Shi ya haɗa cewa mataimakinsa yana son kujerar, kuma a shagon Baba yake sayen kaya. Shi ya tuna cewa likitan surukin Baba ne. Shi ya ce, “In suka kwantar da ni suka sa wuƙa a idon da ya rage, wa zai ce ba kuskure ba ne?”

Gyaɗa kai ba ya yi wa marar gani amfani. In da yana gani, da na gyaɗa kai in ce wa kaina ban ce komai ba. Dole in buɗe baki. Na ce, “Allah dai ya kyauta, Kawu.” Ya san abin da nake nufi, ni ma na sani.

A kwanakin nan ne ya daina zagin sarkin fim. Mun kai inda sarki ya kori sarkin yaƙinsa daga ƙasar, mutumin yana tafiya yana waiwaye. Na jira tsakin Kawu, ban ji ba. Sai ya ce, “Ka san mulki, ɗan nan. Wanda ya fi kusa da kai shi ya san inda rigarka ta yage. Sarkin nan ba wawa ba ne.” Na ji shi sarai, amma na danna kashi na gaba.

Ranar aiki Baba ya zo da motarsa da sassafe, ya sha kwalliya kamar mai zuwa coci. Tun daga waje yake kira, “Bawana, fito! Yau za a wanke maka fitila ka ga ubangidanka da kyau.” Kawu yana zaune a falo, ya sa babbar riga. Ya bari sai da Baba ya shigo har tsakiyar ɗaki, sannan ya ce, cikin murya mai sanyi:

“Sannu da zuwa, ranka ya daɗe. An gode da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri. Aikin ido kuwa na fasa.”

Wanda bai san wasan nan ba ba zai gane abin da ya faru ba. Babu zagin da Kawu zai yi wa Baba ya ji zafi. Amma ladabi, a ce masa ranka ya daɗe kamar wani baƙo daga ofis, wannan kora ce. Baba ya tsaya da makullin mota a hannu. Ya gwada sau ɗaya: “Kai Bagobiri, wa ya koya maka gaisuwa?” Kawu ya ce, “A gaida iyali.” Baba ya juyo ya kalle ni. Ni kuma na kalli ƙasa. Amma na riga na ga ruwa ya cika idonsa, tsoho da furfura. Ya sa hularsa ya fita a hankali.

Kawu ya tambaye ni. Na ce, “Ya ɗaure fuska, kamar wanda aka ɓata wa shiri.”

Daga ranar ya ce a zubar da maganin ɗigawa, tunda daga hannun surukin ya fito. Ni na kai kwalaben bola. Wani direba ya kawo mai maganin gargajiya da wani kwalli da ake shafawa, wani ya kawo ruwan addu'a. Baba ya yi ta kiran waya, wayar kuma a hannuna take. Wani lokaci in ce wa Kawu ga shi yana kira, ya ce in bar ta ta yi ta kuka. Wani lokaci ba na ma faɗa. Likitan da kansa ya aiko saƙo, ya fara da gaisuwa da tambayar jiki, sannan ya ce ko ba a wurinsa ba, a je wani asibitin, kada a bar idon haka. Na karanta wa Kawu rabin farko, na bar rabin ƙarshe.

Ina gaya wa kaina jinkiri ne kawai. In na ƙara ɗan zama a kujerar nan, in na kafu, sai in lallashe shi mu je wani wurin. Damina ta fita ina faɗin haka. Aka shiga sanyi ina faɗin haka.

Wata safiya na fitar da shi bakin dutse, rana ta fito tarwai, har ina kare idona da hannu. Ya ɗaga fuskarsa sama ya daɗe, sannan ya ce, “Ikon Allah. Ina jin zafinta a goshina, amma hadari ya rufe ta ko?” Babu ko ɗigon gajimare a sama. Na ce, “E, Kawu, akwai ɗan hadari.” Wannan ƙaryar ban san ko don shi na yi ta ba ko don kaina.

'Yarsa ta zo daga Kaduna ta ga yadda yake laluben kofin shayi, ta fasa kuka, ta ce ko ya yarda ko bai yarda ba sai an tafi. Ta kai shi wani asibitin da ba ruwansa da Baba. Likitar mace ce, ta haska fitila a idon, ta sake haskawa, ta tambaye shi ko yana ganin wani abu. Ya ce a'a. Ta fitar da mu waje ta ce jijiyar ta mutu, ko an cire yanar babu abin da zai gani. Ta tambaya me ya sa aka daina magani. 'Yarsa ta kalle ni, don ni ne kullum tare da shi. Na ce Kawu ne ya ƙi. Ta dafa kafaɗata ta ce, “Ka yi ƙoƙari, yaya. Mu da ya haifa ma ba mu yi abin da ka yi ba.”

Na kwana biyu ba na iya cin abinci. Sannan na je Nasarawa Gwom. Na sami Baba a shago yana goge wani ƙarfe da tsumma. Na tsuguna a gabansa a gaban yaransa na faɗa masa komai, tun daga dariyar. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya daɗe yana juya ƙarfen. Ya ce, “Saboda rimot?” Na ce e. Ya ce, “Wasa ne fa, yaro. Kai ma bawana ne.” Sai ya tambaya, “Ido fa?” Na ce ya tafi. Ya ajiye ƙarfen ya shiga cikin shago, bai fito ba sai da na gaji da jira.

Duk da haka ya zo, bayan kwanaki. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗaga murya, “Ina bawana?” Kuma saboda na gaya masa abin da ya faru, sai ya yi dariya da sauti, don Kawu ya ji da kunnensa. Abin tausayi ne. Mutumin da bai taɓa dariya da murya ba, ta fito masa kamar tari. Kawu ya karkata kai yana saurare, ya ce mini a hankali, “Ka ji? Tun muna samari ban taɓa jin sautin dariyarsa ba. Yau ya koyo ta.” Ya sa aka ce masa yana hutawa. Baba bai sake dawowa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Na je wurin limamin unguwarmu na tambaye shi, ba tare da na kama suna ba, yadda mutum zai tuba daga cutar da ya yi wa wani. Ya ce tsakaninka da Allah nadama ce da daina aikatawa, amma haƙƙin mutum sai ka mayar masa da abinsa, in ba ya mayuwa ka faɗa masa ka nemi yafiyarsa. Ido ba ya mayuwa. Saura faɗa.

Na zaɓi ranar da babu baƙi, bayan la'asar, muna zaune a tsakar gida. Na sauka daga kujera na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Na ce, “Kawu, ina da magana, ka bari in kai ƙarshe.” Na faɗa masa cewa ranar da Baba ya ce makaho, yana dariya har da hawaye. Na faɗa masa ranar aiki kuka ya yi, ba ɗaure fuska ba. Na faɗa masa kiran da na ɓoye, da rabin saƙon likita, da dalilina, cewa ina tsoron in ya warke in koma kes ɗina ba mai gaishe ni. Ban rage komai ba. Ina magana ina kuka kamar ƙaramin yaro.

Ya saurara har na gama. Ya laluba ya sami kaina ya dafa.

“Yaushe ka je wurinsa?”

Na ce kwanan baya, amma ni na kai kaina.

“Na sani. An gaya mini an gan ka a shagonsa a tsugune.” Ya yi ajiyar zuciya. “Ka ga irin mutumin da nake gaya maka. Ya ga bai same ni ta asibiti ba, ya biyo ta wurinka. Ya sa ka zo ka ɗauki laifi ka ɗora wa kanka don shi ya fita. Kai kuma zuciyarka taushi gare ta, irin ta uwarka.”

Na ce, “Wallahi Kawu ba shi ya aiko ni ba. Ni na cuce ka.”

“Kada ka yi rantsuwa a kan abin da aka sa ka. Ni na san ka. Watanni kana riƙe da hannuna, ko tuntuɓe ban taɓa yi ba. Yau ɗaya za a ce mini kai ne maƙiyina, Bayaraben da ya kai ni gidan wuƙa shi ne masoyi?”

Na sake maimaitawa ta wata hanyar. Na ce a kira 'yarsa, a kira liman, in faɗa a gabansu. Ya ce in na kuskura na kai wannan maganar waje na tozarta shi, don za a ce ciyaman ya zauna yaron gidansa yana juya shi kamar sitiyari, kuma shi ba a taɓa juya shi ba. A nan muryarsa ta ɗan yi rawa. Ban sani ba ko wani ɓangare na zuciyarsa ya gane. In ya yarda da ni, to ya yarda cewa da hannunsa ya kori abokinsa, da bakinsa ya ce a zubar da maganin, a kan maganar mai turin fim. Wataƙila duhun da yake ciki ya fi wannan sauƙin ɗauka.

Ya share mini fuska da gefen rigarsa, yana laluben inda hawayen suke. Ya ce, “Zuwan da ka yi wurinsa a ɓoye, da ƙaryar da ka zo ka yi mini yau, duk na yafe maka duniya da lahira. Kada ka sake. Tashi ka zauna a kujera, kada wani ya shigo ya gan ka a ƙasa.”

Yafiyar da na samu ke nan, ta laifin da ban yi ba. Wanda na yi yana nan, mai shi ya ƙi karɓar ko labarinsa. Na tashi na zauna a kujerar. Aka yi sallama a waje, wasu direbobi ne da rikicin lodi, ya gyara zaman hularsa ya ce in shigo da su.